Kachala ta cinye fadamar Hadejia zuwa Nguru: ina mafita?

Ɗan Marma:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna maganar fadamarmu, don abin ya wuce a yi shiru. Duk wanda ya ratsa ƙasar Guri ko Kiri Kasamma ko gefen tafkin Nguru a shekarun nan ya san abin da nake nufi. Kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, iya ganinka, ta ɗara mutum tsawo, a wuraren da iyayenmu ke noman shinkafa da damina, in ruwa ya janye su bi danshi su shuka wake, masunta su kama kifi a kududdufai, da rani kuma shanu su sauko kiwo. Fili ɗaya, amfani uku ko huɗu a shekara. Yau wannan filin babu mai shigarsa sai sauro da tsuntsayen jan baki masu cin hatsi.

Kullum abin da ake cewa shi ne a kawo inji a yashe. Na yarda a yashe. Amma ni a ganina muddin ruwa ba ya janyewa fadama ta bushe kamar yadda take yi a da, ko injin duniya aka kawo kachala za ta dawo. Masana da ke cikinmu, da manoma da masunta da makiyaya, kowa ya faɗi abin da ya sani.

Jikan Sarkin Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Zan yi magana, amma bari Injiniya ya fara.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari in shimfiɗa yadda ruwan yake tafiya, don sai an san hanyarsa ake gane ciwon.

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ake kiransa kogin Hadejia. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi da Katagum. Su biyun suna shiga ƙasa mai shimfiɗa da tuddan rairayi, sai ruwan ya rarrabu ya bazu, wannan bazuwar ita ce fadamar. A wajen Gashuwa suke haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ke bi ta Gaidam ya nufi tafkin Chadi.

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a ƙasar Ƙaraye a 1992. Su biyun ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Hadejia. Kafin a gina su, kogin yakan cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, da rani kuma ya ƙafe har yara su yi wasa a cikin yashi. Bayan an gina su abu biyu suka faru. Ambaliyar damina ta ragu, saboda ana tare ruwan a sama: filin da ruwa ke rufewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 da ya ƙara dagula lamarin. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, kogin ya daina ƙafewa, domin ana sakin ruwa da rani saboda noman rani da ruwan shan birnin Kano.

To kachala abin da take so ke nan: ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ɗaukewa. Tana fitowa sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanyar ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Haka tsohuwar hanyar kogin Hadejia da ta Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga gari biyu da ba su da nisa da juna, ɗaya ruwa ya kwanta masa a gona shekara da shekaru, ɗayan kuma yana roƙon Allah ruwan ya iso.

Alhaji na Kadawa:
Injiniya, Allah ya ƙara sani. Amma ina jin ƙamshin za a ɗora mana laifi mu mutanen sama, to gara in yi magana da wuri. Ku zo Kura da Garun Malam da Bunkure ku ga abin da ruwan Tiga ya yi. Tumatirin da ake lodawa zuwa Legas, alkama, albasa, shinkafar da injinan Kura ke sarrafawa dare da rana, duk daga ruwan nan ne. Yaran da da sai su tafi cin rani kudu, yanzu suna gida suna aiki. Mutanen birni kuma me za su sha in an buɗe dam an zubar da ruwan a jeji? Mu ma talakawa ne, ba mu muka gina dam ba.

Ɗan Marma:
Alhaji, wallahi ba wanda ya ce a rushe dam, kuma ba wanda ke baƙin ciki da arzikin Kura. Kalma ɗaya ce a maganarka ta tsaya mini a rai, da ka ce a zubar da ruwa a jeji. Ranka ya daɗe, wannan jejin mutane ne a cikinsa. Ruwan da ya bazu a fadama shi ne shinkafarmu, shi ne kifin da ake bandawa a kai har kasuwannin kudu, shi ne ciyawar shanu, shi ne yake nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. Gorubar da mata ke yankar kabarta suna saƙa tabarma ma da wannan ruwan na ƙasa take rayuwa.

Injiniya Mai Ritaya:
A kan wannan akwai bincike. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun auna abin da ake samu a fadamar nan ta noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da ake samu a aikin noman rani na kogin Kano. Da aka yi lissafi a kan yawan ruwan da kowanne ke ci, amfanin fadamar ya ninka na noman ranin sau da yawa. Kuma ba su ma sa kiwo da cikar rijiyoyi a cikin lissafin ba.

Alhaji na Kadawa:
Binciken sama da shekara 30 ke nan, Injiniya. Lokacin ana samun buhu nawa a eka, yanzu nawa ake samu? Iri ya canja, taki ya canja, mutane sun ninka.

Injiniya Mai Ritaya:
Wannan gaskiya ne, Alhaji, kuma ya kamata a sake aunawa. Amma ka fi ni sanin yadda ruwa ke ɓarna a can wajenku: magudanar da ta fashe, ƙofar da ba ta rufuwa, gonar da ake bari ruwa ya kwana yana malala. Wannan rarar ba ta amfane ku ba, mu kuma ta iso mana a watan da ba a bukatarta, ta ciyar da kachala. Gyaran magudanan da aka yi a ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani na Bankin Duniya, ta nan yake da amfani ga kowa. In kun yi tattalin ruwa da rani, an sami abin da za a saki da damina lokacin da fadama ke jiransa. Ba sai an hana ku noma ba.

Maman Hafsat:
Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin, bari in shigo da ɓangaren da ba a cika kawowa ba in ana maganar dam.

Zazzaɓin cizon sauro a da yana da lokaci, daga tsakiyar damina zuwa kaka. A garuruwan da ruwa ya kwanta yanzu har da bazara muna ganinsa, don sauro bai rasa wurin ƙyanƙyasa ba. Amma wanda ya fi damuna shi ne tsargiya. Uwa za ta kawo yaro ɗan shekara tara ko goma, idonsa fari fat, ba ya iya zaman aji. In ka ba shi kwalba ya kawo fitsari, ƙarshensa ja ne. Ka tambayi uwar tun yaushe, ta ce ai ya daɗe, duk sa'o'insa haka suke. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. Don Allah ku taya mu faɗa, cuta ce.

Yadda take yaɗuwa: mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke manne da ciyawar ruwa, daga nan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko su. Ba sai an sha ruwan ba. In ta daɗe tana lalata mafitsara, tana taɓa ƙoda, mata kuma tana shafar mahaifa, su yi ta fama ana cewa sanyi ne. Maganin yana nan, praziquantel, ana rabawa a makarantu kyauta. Sai dai yaro ya sha yau, sati mai zuwa ya koma ruwan nan. A da in fadama ta bushe da rani yawancin katantanwar mutuwa take yi. Yanzu ba ta samun wannan bushewar. Saboda haka maganar Ɗan Marma ta a bar fadama ta bushe, ni a wurina maganar asibiti ce.

Jikan Sarkin Ruwa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ni zan faɗi namu, har da wanda ba zai yi wa 'yan'uwana daɗi ba.

Kifi da sabon ruwa yake haihuwa. In ambaliya ta hau kan ciyawa, tarwaɗa da karfasa da bargi su bi ta su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a cikin ciyawar, in ruwa ya fara komawa sai a tare su. Shekarar da ruwa ya bazu sosai, shekarar kifi ce, kowane masunci ya san wannan. A cikin kachala kuwa kifin yana nan amma ba ka isa gare shi ba. Kwalekwale ba ya ratsawa, birgi ba ya buɗewa, raga ta kama ta yage.

Amma mu ma muna da hannu. Dumba, wato tarkunan kifi da ake jerawa a tare hanyar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, tana kama har 'ya'yan kifi, tana kuma tare laka, bayan shekara biyu sai ka ga kachala ta tsiro daidai wurin. Manoma kuma kowa ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa zuwa gonarsa, ba mai toshewa in an gama. A zamanin kakanmu Sarkin Ruwa ke cewa yau an buɗe wannan tafki, wancan a bar shi sai wata kaza, kuma ba mai tsallakewa. Yanzu wanda ya biya kuɗi shi ke kafa dumba. In ba mu gyara wannan ba, ko an saki ruwa daidai daga Tiga ba zai kai inda ya kamata ba.

Ɗan Ruga:
Gaskiya ka faɗa, baaba. Mu kuma ta ɓangarenmu, wuraren da ciyawar burugu ke fitowa mu sauko da rani, kachala ta cinye wasu, wanda ya rage kuma an mai da shi lambu saboda manoman ma an kore su daga gonakinsu. Burtalin da za ka bi ka kai shanu mashaya ya zama gona. Daga nan rigima take tashi, a ce Fulani da manoma ba sa jituwa, alhali fili ne ya ƙanƙance wa kowa. Shanun da suka daɗe a ruwan kwance kuma ciwon hanta ke kama su, mahauci ya yanka ya tarar da hantar ta lalace. Duk zaman da za a yi a kan ruwan nan a sa mu a ciki tun farko, kada a gama a kira mu sa hannu.

Ɗan Marma:
Ga kuma jan baki. Kachala ce makwancinsu. Manomin da ya tsira da 'yar shinkafarsa ko gero a tudu, sai ya kwashe yara daga makaranta su wuni a gona suna kaɗa gwangwani tun asuba. A yi feshi da jirgi bana, baɗi su dawo, don gidansu na nan.

Na Diffa:
Gaisuwa daga Nijar. Ku tuna da mu a ƙarshen layi. Kogin nan da kuke magana shi ne Komadugu a wurinmu, shi ne iyakarmu da Najeriya, kuma da shi ake noman tattasan Diffa da kuke saye a kasuwanninku. Ruwan da ke iso mana yanzu yawancinsa na Jama'are ne, na Hadejia kaɗan ke wuce Gashuwa. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are hankalinmu ke tashi, mu da mutanen Gaidam da Damasak.

Bauchi Ƙasata:
Mu kuma a Bauchi an daɗe ana mana alkawarin Kafin Zaki. Kano ta sami biyu, mu a ce kada mu sami ko ɗaya?

Injiniya Mai Ritaya:
Bukatarku halal ce, ɗan'uwa. Amma Jama'are shi ne kogin da ya rage yana kawo ambaliya a kan lokacinta. In za a taɓa shi, to a rubuta tun kafin a aza tubali nawa za a riƙa saki da damina, a kuma gina ƙofofin da za su iya sakin wannan adadin. Tiga ba a gina ta da manyan ƙofofin sakin ambaliya ba, shi ya sa gyaran yake da wuya yanzu. Kada a maimaita.

Baƙon Marwa:
Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, arewacin Kamaru, bari in ba ku labarin da zai ƙarfafa muku gwiwa. A 1979 aka gina madatsar Maga da jinga a gefen kogin Logone saboda noman shinkafa. Fadamar da ke ƙasa, wajen gandun dajin Waza, ta bushe. Ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka watse. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da jingar ta toshe, ruwa ya sake rufe fili kusan murabba'in kilomita 200, aka ƙara buɗe wata a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyawar ta fara dawowa, kifi ya dawo, shanu suka dawo. Ba a rushe Maga ba, shinkafa ba ta daina ba. Kuma kafin a buɗe sai da aka zauna da masunta da makiyaya da sarakuna. Ba duk fadamar ce ta farfaɗo ba, amma abin da aka buɗe ya nuna ƙasa ba ta mutu ba, ruwa take jira.

Auta:
Tambaya daga ƙaraminku. Na ga ana cewa a Senegal da Muritaniya suna yin gawayi da kachala. Me zai hana mu mai da ita sana'a maimakon mu yi ta kuka da ita?

Injiniya Mai Ritaya:
Haka ne, Auta. Su ma bayan an gina madatsar Diama a 1986 ta mamaye musu bakin kogin Senegal, kuma suna yin gawayi da ita, suna sa ta a kayan gini. A nan ma an gwada yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi da ita. Abu ne mai kyau, zai rage sare itace, zai sa mai yanka ya sami ladan wahalarsa. Amma kada mu ɗauka shi ne maganin. Abin da za a iya yanka da hannu kaɗan ne a kan abin da ke tsirowa, kuma buhun gawayi ba zai maye gonar shinkafa da kifi da kiwo ba.

Maman Hafsat:
Kuma masu yankan su ne suka fi kamuwa da tsargiya, don wuni suke a cikin ruwa har ƙirji. Duk wanda zai shirya irin wannan sana'a ya sa takalmin roba dogo da magani a cikin lissafi.

Alhaji na Kadawa:
To na ji duka. Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke mana ruwa a tsakiyar noman rani, alkama na fitar da kai. In za a tsara, a tsara da mu. Wa ma ke da ikon tsarawar?

Injiniya Mai Ritaya:
Madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are, ta gwamnatin tarayya. Daga ƙasa kuma akwai ta tafkin Chadi. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da kogin tare da kafa asusu na musamman. Tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin jerin Ramsar na dausayoyin duniya tun 2000, su ne na farko a Najeriya, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. Ga ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Wato takarda da hukuma ba su ne suka yi ƙaranci ba.

Abin da zan nema in an tambaye ni: a saki ruwa mai yawa a Agusta ya haɗu da na Jama'are, a rage sakin rani zuwa iya abin da gonaki da birni ke bukata, a sami makonni kafin damina da hanyoyin ƙasa za su bushe a shiga a ƙone a yashe. A gina ƙofar raba ruwa a wajen Likori inda Marma da Burum Gana ke rabuwa, don kada duka ya tafi gefe ɗaya. Kuma a sanar da jadawalin a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Bade, manomi ya san ranar da ruwa zai iso shi.

Ɗan Marma:
Wannan na sanarwar shi ne ya fi mini komai. Mutum ya zuba iri da taki, ruwa ya zo masa da dare babu labari. Bayan ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa, da ka ce wa mutanenmu a saki ruwa sai gabansu ya faɗi. Dole a bambance musu ambaliyar da aka tsara aka sanar, da wadda ke zuwa saboda dam ya cika hanya kuma a toshe. In hanyoyin a buɗe suke, ruwan da ke cin gari zai wuce fadama inda ake bukatarsa.

Injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa da aka kawo suna aiki, mun gani, mun gode. Amma ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa gonaki inji ba zai shiga ba, wannan namu ne. Garuruwa uku a wajenmu sun amince da gayya ranar Asabar. Injiniya, yaya za a yanka don kada wahalar ta tashi a banza?

Injiniya Mai Ritaya:
A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, yadda kututturen zai nutse. Ta cikin ganyen take shaƙar iska zuwa saiwa, in ruwa ya rufe wurin yankan saiwar ruɓewa take yi. In aka yanke a sama da ruwa, cikin sati biyu ta tofo. A koma a sake yankan abin da ya leƙo sau biyu ko uku, kuma a yi kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, don iska ke ɗaukar irin. Abin da aka yanka a janye shi tudu, kada a bar shi ya sake toshe hanyar. Ku fara daga ƙasa ku yi sama, ruwan ya sami mafita.

Jikan Sarkin Ruwa:
Za mu kawo kwalekwale huɗu da lauje. Amma sharaɗi, hanyar da aka buɗe ba mai kafa dumba a cikinta, kuma a faɗi haka a gaban bulama da masu unguwanni kafin a shiga ruwa.

Ɗan Ruga:
Samarinmu za su zo in an bar mana mashaya ɗaya a bakin hanyar, a kafa mata alama kowa ya gani.

Maman Hafsat:
Yara 'yan ƙasa da shekara 15 kada su shiga, su tsaya a tudu suna jan ciyawa. Wanda ya shiga ya yi wanka da sabulu da ruwan rijiya da zarar ya fito, ya goge jiki sosai. Zan rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, bayan wata biyu su zo a duba fitsarinsu a ba su magani, don in an sha da wuri tsutsar ba ta girma ba, ba ya kashe ta.

Alhaji na Kadawa:
Ɗan Marma, turo mini kwatancen garin ta akwatin sirri. Zan zo da mutum biyu daga ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa mu gani da idonmu. Amma ku ma sai kun zo Kadawa a watan Fabrairu kun ga alkama, kafin mu zauna maganar makonnin da Injiniya ke so a rufe ruwa.